Yadda za ka gane shirin gidajen gwamnati na gaske, da yadda za ka nemi naka tun kafin a watso maka kaya waje

Jama'a akwai abun da ya daɗe yana damuna a kan maganar gidaje. Duk sanda wata gwamnati ta fito ta ce za ta gina gida dubu kaza ko miliyan kaza sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu na tafi wasu na cewa ai ƙarya ce, amma da wuya ka samu wanda ya zauna ya duba shirin ya ce ga inda zai yi aiki ga kuma inda zai mutu. Shi kuma wanda abun ya fi shafa, wato magidancin da kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, ko matar da miji ya rasu ya bar ta da yara a gidan haya, ko saurayin da yau ya kwana ɗakin wannan aboki gobe na wancan, bai ma san ta ina zai fara ba. Toh saboda su na zauna na rubuta wannan.

Kuma kar wani ya ɗauka matsalar ƙasashen talakawa ce kaɗai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ne ke zaune a unguwannin bacoci marasa ruwa marasa magudana marasa takarda. A Amurka kuwa, ƙidayar da suke yi ta dare ɗaya a watan Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba su da muhalli, ƙarin kashi 18 cikin 100 kenan a shekara ɗaya tak. A Ingila iyalai sama da 100,000 ne ƙananan hukumomi suka ajiye a masaukin wucin gadi, wasu a otal da yaransu, ɗaki ɗaya, shekara da shekaru. Ko'ina dai labarin ɗaya ne, kuɗin haya yana gudu albashi yana rarrafe.

Fara da sanin inda kai ka tsaya

Mutane da yawa in an ce marar muhalli sai hankalinsu ya tafi kan wanda ke kwana a gindin gada da kwali. Shi ma yana ciki, amma shi ne kaɗan daga cikin masu yawa. In kana kwana a falon ɗan uwanka kuma kun san zaman ba mai ɗorewa bane, in ku takwas ne a ɗaki guda, in kina zaune da mai dukanki don ba ki da inda za ki, in an ba ka notis kuma ba ka da kuɗin kama wani wuri, duk kuna cikin lissafin nan ko da babu wanda ya ƙirga ku. Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne kunya tana hana mutane neman abun da doka ta ba su, mutum zai ce ai ni ban kai can ba tukuna, har sai ya kai ɗin, alhali taimako ya fi sauƙin samu kuma ya fi araha ga ita gwamnatin tun kana da rufi a kanka. Shi ya sa Ingila ta yi doka a 2017, ta fara aiki a Afrilun 2018, cewa duk wanda ake ganin zai rasa gida cikin kwana 56 dole ƙaramar hukuma ta tashi ta taimaka masa kafin abun ya faru. Yankin Wales ne ma ya riga su yin haka a dokarsa ta 2014. Don haka abu na farko, ka bincika a ƙasar da kake me doka ta kira rashin muhalli, sau da yawa za ka tarar ta fi faɗin yadda kake zato.

Tambayoyin da za ka yi wa kowane shiri

Ta farko, makulli nawa aka miƙa? Ba nawa aka sanar ba. Gida yana da matakai kuma masu sanarwa suna son haɗa su wuri ɗaya, akwai wanda aka amince a takarda, akwai wanda aka haƙa harsashinsa, akwai wanda aka gama, akwai kuma wanda mutum ke kwana a ciki da ruwa da wuta. Na ƙarshen nan shi kaɗai ne gida. Ko Jamus da ƙarfin tattalin arzikinta, gwamnatin da ta hau a 2021 ta yi alƙawarin gida 400,000 duk shekara amma a 2023 abun da aka kammala bai kai 300,000 ba, sabida tsadar kayan gini da hauhawar kuɗin ruwa na banki. Sannan ka tambaya nawa aka rasa a daidai lokacin da ake ginawa. A Birtaniya dokar 1980 ta zamanin firaminista Margaret Thatcher ta bai wa mazauna gidajen gwamnati damar sayen gidan da suke ciki da rangwame, waɗanda suka saya sun ji daɗi ba shakka, amma a Ingila kaɗai an sayar da kusan miliyan 2 ba a gina madadinsu yadda ya kamata ba, yanzu jikokinsu ne ke layin neman gida.

Ta biyu, a ina aka gina? Wannan tambayar ita ce ta fi kashe shirye-shirye kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Ɗan kwangila yana neman fili mai araha, fili mai araha kuma yana can bayan gari inda babu mota babu makaranta babu asibiti babu aiki. Meziko ta yi wannan kuskuren daga shekarar 2000 zuwa sama, aka zuba ƙananan gidaje miliyoyi a nesa da birane aka ba ma'aikata bashi suka saya, da mutane suka ga awa biyu ko uku suke yi a hanya kafin su kai wurin aiki kuma kuɗin mota na cinye abun da suka samu, sai suka kulle suka koma cikin gari suna haya, gidaje dubu ɗaruruwa suka zama kango. Shirin Barazil na 2009 da shugaba Lula ya ƙaddamar ya gina gidaje miliyoyi kuma ya fitar da mutane da yawa daga wahala, amma shi ma an yi masa wannan sukar. Haka gidajen kyauta da Afirka ta Kudu ta fara rabawa bayan 1994. Toh kafin ka cike fom, je ka ga wurin da ƙafarka, ka je da sassafe lokacin fita aiki, ka lissafa kuɗin mota na wata ɗaya kai da yara ka ɗora a kan abun da za ka riƙa biya, wannan jimillar ita ce farashin gidan.

Ta uku, araha ga wa? Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kar gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abun da iyali ke samu. Amma kalmar araha an wahalar da ita, a Ingila akwai gidajen da ake kira masu araha alhali kuɗinsu zai iya kai kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa, in kasuwar ta riga ta yi tsadar hauka kashi 80 ɗinta ai ba na talaka bane. A Addis Ababa ta Habasha gwamnati ta gina benaye masu yawa ana rabawa ta hanyar ƙuri'a, ka ajiye kashi 10 ko 20 ko 40 banki ya ba da sauran, shiri ne babba kuma ya canza fuskar birnin, sai dai da yawa daga talakawan da suka ci ƙuri'ar sun kasa biyan bashin wata-wata sai suka zuba 'yan haya su kuma suka koma inda suka fito. Ka duba kuma ko shirin yana buƙatar takardar albashi, don in haka ne an riga an cire ɗan kasuwa da mai aikin hannu da direba tun kafin a fara, kuma a ƙasashe da yawa su ne mafi rinjaye.

Ta huɗu, filin na waye kuma gidan zai daɗe yana na jama'a? Wurare biyun da kowa ke misali da su duk a nan suka ci nasara. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, a 1966 ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, a 1968 ta bar ma'aikata su riƙa biyan gida daga asusun ajiyarsu na tilas, yau kusan mutum 8 cikin 10 a gidajen hukumar suke kuma yawanci nasu ne na shekara 99. Birnin Viyana na Ostiriya kuwa tun tsakanin 1919 da 1934 ya gina gidaje sama da 60,000, bai kuma yi gwanjonsu ba lokacin da wasu birane ke sayar da nasu, yanzu birnin da kansa yana da gidajen haya kusan 220,000 kuma wajen rabin mazauna birnin a gidan hukuma ko mai tallafi suke. Abun da na fi so a tsarin Viyana shi ne ba su ware gidajen don matalauta kaɗai ba, malamin makaranta da direban bas da ma'aikaciyar jinya duk bene ɗaya, sabida haka babu wanda ake gane talaucinsa daga adireshinsa, kuma masu gidajen haya na kasuwa dole su sassauta don ɗan haya yana da wani zaɓi.

Maganar wanda ya riga ya faɗa titi

A nan zan ɗan daɗe don nan ne zuciyata take. Tsohon tsari da ƙasashe da yawa suka bi kuma wasu ke bi har yanzu kaman tsani yake, a ce wa mutum fara kwana a ɗakin kwanan jama'a, ka daina shaye-shaye, ka riƙa shan maganinka, ka nemi aiki, in ka nuna ka gyaru sai mu ba ka ɗaki. A baki yana da daɗin ji. Amma ɗan uwa ka yi tunani, mutumin da bai yi barcin awa huɗu a jere ba wata shida, ana sace masa takalmi, ba shi da inda zai ajiye magani ko katin shaida, ba shi da adireshin da zai rubuta a takardar neman aiki, ta yaya zai hau wannan tsanin? Yawanci a mataki na biyu suke faɗowa a koma farko, a ce su ne ba su so.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan adam a New York mai suna Sam Tsemberis ya juya abun, ya ce a ba mutum gida tukuna, nasa, da makulli da yarjejeniyar haya da sunansa, ba tare da sharaɗin sai ya warke ba, sannan ma'aikatan jinya da na walwala su riƙa zuwa suna taimaka masa gwargwadon yadda ya yarda. Ba kyauta bace zalla, yana biyan haya daga ɗan abun da yake samu ko tallafin da ake ba shi, kuma dokar zaman haya tana kansa kaman kowa. Kanada ta gwada wannan a birane biyar daga 2009 zuwa 2013 da mutum wajen 2,000, aka raba su biyu, a watanni shida na ƙarshe kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka ba gida tukuna suna cikin gida ba yankewa, na tsohon tsari kuwa kashi 31 ne. Finland ita ce ta mai da shi manufar ƙasa baki ɗaya daga 2008, suka riƙa rufe manyan ɗakunan kwanan jama'a suna mai da su gidaje, akwai wani a Helsinki mai gado 250 da aka gyara a 2012 ya koma gidaje 81 kowa da ƙofarsa. Ƙasar da a 1987 take da marasa muhalli sama da 18,000 ta sauko ƙasa da 4,000. Sai dai ka lura da kyau, ba taken "gida tukuna" ne ya yi aikin ba, gidaje ne, akwai wata gidauniya da aka kafa tun 1985 tana sayen gidaje tana ginawa don irin waɗannan mutanen. Kuma a 2024 adadin ya sake ɗagawa a daidai lokacin da gwamnati ta rage tallafin haya, wato abu ne da in an saki hannu yake komawa. Birnin Houston a Amurka ya bi wannan hanyar ya rage nasa da fiye da rabi daga 2011, haka ma rashin muhalli tsakanin tsofaffin sojojin Amurka ya ragu da fiye da rabi daga 2010 sabida an haɗa musu takardar biyan haya da ma'aikacin da ke bibiyarsu.

Toh in ka ji gwamnati ta ce ta tsaftace tituna, tambayi ina mutanen suke kwana yau. A Yunin 2024 kotun ƙolin Amurka ta yarda birane su hukunta masu kwana a waje ko da babu gadon da za a ba su, ni dai wallahi ban ga yadda tara za ta zama rufi ba, mutum ya fito daga kurkuku da tarihin laifi wanda zai ƙara hana mai gida ba shi haya. Haka rusau yake, in aka rushe unguwar bacoci ba a tanadi wani wuri ba, mutanen ba ɓacewa suke ba, gaba kaɗan suke matsawa su sake kafawa da talaucin da ya fi na da. Tailan ta gwada wata hanyar daga 2003, mazauna unguwa su haɗa ƙungiya su yi asusu, gwamnati ta ba su bashi mai sauƙin ruwa a ƙungiyance da tallafin hanya da magudana, su sasanta da mai fili su saya ko su yi hayar dogon zango, su gyara unguwarsu suna cikinta. In kana zaune a irin wannan unguwar, wannan misalin ya kamata ku riƙe a baki duk sanda aka zo da maganar tashi.

Sauran dabarun zan taɓa su a gurguje. Akwai sassauta dokar gini, birnin Auckland na New Zealand a 2016 ya ba da damar a yi benaye da gidaje da yawa a fili ɗaya a kusan kashi uku cikin huɗu na unguwanninsa, gini ya ƙaru sosai. Akwai harajin gidan da aka kulle ba kowa, Vancouver ta Kanada ta fara a 2017. Basalona ta Sifen ta ce zuwa 2028 za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya na kwanaki. Ƙayyade kuɗin haya kuwa yana kare wanda ke ciki amma ba ya ƙara ko ɗaki ɗaya, Barlin ta Jamus ta daskarar da haya a 2020, gidajen da ake tallatawa suka ragu, kotun tsarin mulki kuma ta soke dokar a Afrilun 2021 don ba hurumin birnin bane. Yana da amfani in ana gini a gefe, shi kaɗai ba ya isa.

Yanzu yadda za ka nema

Ka haɗa takardunka tun ba ka buƙace su ba. Katin shaida naka da na matarka ko mijinki, takardun haihuwar yara, rasit ɗin haya na baya, yarjejeniyar haya in akwai, shaidar abun da kake samu, takardar likita in akwai mai naƙasa ko ciwo mai tsanani a gidan. In ba ka da albashi ka fara shigar da cinikinka ta asusun banki ko na waya ko da kaɗan ne, wata shida ko shekara na shige da fice shaida ce da ake iya nunawa. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel, don ranar da aka fitar da kaya waje takardu ne farkon abun da ke ɓata.

Sannan ka nemi hukumar da ke da shirin kai tsaye, ofishinta ko shafinta na intanet na gaskiya, ka karanta sharuɗɗan da kanka ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Duk inda ake ƙarancin gida 'yan damfara suna nan, wanda zai ce ba ni kaza in sa sunanka a gaba, ko a turo maka saƙo wai ka ci gida ka biya kuɗin fom a wani asusu mai sunan mutum. Kar ka biya ko sisi sai a asusun hukuma kuma a ba ka rasit, in an karɓi fom ɗinka ka nemi lambar rajista ka rubuta ranar da sunan ofishin. Ka cike gaskiya, in aka kama ƙarya ɗaya ana iya cire ka gaba ɗaya ko a ƙwace gidan bayan an ba ka. Amma kuma kar kunya ta sa ka ɓoye halin da kake ciki, yawancin tsare-tsaren nan da maki suke aiki ko da rukuni, cunkoso da rashin lafiya da yara ƙanana da tashin hankali a gida duk suna matsar da mutum gaba, abun da ba ka faɗa ba kuwa ba za a ƙirga maka ba.

Bayan ka shiga layi kar ka kwanta. Layin gida yana ɗaukar shekaru, kuma mutane da yawa ba hana su aka yi ba, lambar waya suka canza ko suka tashi daga adireshin da suka bayar, aka neme su ba a samu ba aka wuce. Duk wata uku ko shida ka leƙa, in an haihu ko an rasu ko aiki ya tafi ka sanar a rubuce. In aka ƙi ka, ka ce a ba ka dalili a takarda, ka tambayi kwana nawa kake da su na ɗaukaka ƙara don wa'adin yakan zama gajere, a Ingila misali kwana 21 ne.

In Allah ya sa an kira ka, kar murna ta hana ka karatu. Haya ce ko mallaka? In mallaka ce yaushe takardar za ta fito kuma da sunan wa? 'Yar uwa ki kula da wannan sosai, Indiya a shirinta na 2015 ta sa sharaɗin gidan da aka tallafa ya kasance da sunan matar gida ko su biyun tare, sabida an sha ganin mace ta yi shekaru tana zuba kuɗinta rana ɗaya a ce ta fita. Kuɗin ruwan bashin tsayayye ne ko yana hawa? Wa zai gyara famfo da rufi da lifta, kuma nawa ne kuɗin hidima na wata? Akwai kuma haramcin sayarwa, a Afirka ta Kudu shekara 8 ne, a Singafo aƙalla shekara 5 sai ka zauna a ciki, wanda ya sayar a ɓoye yakan tashi ba gida ba kuɗin kirki kuma ba zai sake shiga layi ba. Ka zaga gidan kafin ka sa hannu, ka buɗe famfo ka kunna wuta ka duba bango ko yana tsatsafo, ka ɗauki hoto, abun da ka gani ka rubuta a takardar karɓa.

In kuma notis ya riga ya zo

Kar ka tattara kaya ka fita don tsoro. A ƙasashe da yawa notis ɗin mai gida ba shi ne korar ba, sai kotu ta ba da umarni, kuma canza makulli ko yanke ruwa da wuta ko cire rufi don a tilasta maka fita laifi ne. A wasu wuraren ma fitar da ka yi da kanka za ta iya rage maka haƙƙi, a Ingila ana iya cewa kai ka jawo wa kanka rashin gidan. Faransa kuma ta hana fitar da 'yan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris sabida sanyi. Ranar da takardar ta zo, a ranar ka kai ta ofishin gidaje ko na walwalar jama'a da wurin masu ba da taimakon shari'a kyauta su duba ko ma an rubuta ta bisa ƙa'ida, don da yawa ba a cika kwanakin da doka ta ce ba. Ka ci gaba da biyan abun da za ka iya ta hanyar da za ta bar shaida, ka rubuta wa mai gida tayin yadda za ka biya bashin kaɗan-kaɗan, da ladabi, don shi ma sau da yawa da kuɗin hayar yake ci da iyalinsa kuma sulhu ya fi masa zaman kotu. In an kira ka kotu ka je, wanda bai je ba shi ake yanke wa hukunci a bayan ido.

Abu na ƙarshe, kar ka yi wannan fafutukar kai kaɗai. Haƙƙin muhalli yana cikin sashe na 25 na sanarwar haƙƙin ɗan adam ta 1948 da sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wasu ƙasashen ma sun sa shi a dokarsu, Faransa tun 2007 wanda ya cancanta aka ƙi ba shi gida zai iya kai gwamnati kotu. Amma ka tuna da Irene Grootboom, matar da ita da maƙwabtanta suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu ƙara suka yi nasara a kotun tsarin mulki a 2000, hukuncin ya sa aka fito da shirin muhallin gaggawa da ya taimaki wasu da yawa, ita kuma ta rasu a 2008 tana cikin bacarta. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Don haka ku haɗu, 'yan haya na bene ɗaya ko 'yan layi ɗaya, ku buɗe zaure a WhatsApp, ku ajiye kwafin lambobin rajistarku wuri guda, ku naɗa mutum biyu da za su riƙa zuwa ofishin. Ku rubuta wa wakilinku na majalisa ku tambayi nawa aka ware wa gidaje a kasafin bana, nawa aka saki, gida nawa aka shiga, da wace ƙa'ida aka zaɓi waɗanda suka shiga, kuma cikin waɗanda aka ɗauko daga titi bara mutum nawa ne har yanzu suke cikin ɗakinsu. Ku sa hannu dukkanku, ku karɓi hatimin shaidar an karɓa, in wata ɗaya ya wuce shiru ku sake aikawa da kwafin ta farkon a manne.